Tambaya Kafin Haƙa Harsashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, neman shawara kafin gini ba baƙon abu ba ne gare mu. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya isa Madina a shekarar 622, bai aza tubalin masallacinsa ba sai da ya tambayi masu filin. Aka ce na marayu biyu ne, ya saya.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa, domin kada wani ya gina bisa haƙƙin wani.

Dokar ƙasa ta 1978 ta ɗora kula da filayen birni a kan Gwamna, na karkara a kan ƙaramar hukuma. Dokar tsara birane ta 1992 kuwa ta wajabta izini kafin gini. Saboda haka mai niyyar gini a Gwandu ko Kalgo ya fara kai zanensa ofishin tsara gari, a duba masa iyaka da hanya da magudanar ruwa tun bai nemi izini ba. Gyaran zane ya fi rushe bango sauƙi, dukiyar jama'a kuwa amana ce. Allah Ya sa mu dace, amin.