Daga Dawa Zuwa Falo: Tarihin Zaman Bahaushe da Kare

Masu iya magana sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. To, amma akwai wani karen bana da bai taɓa ganin zomo ba, balle ya bi shi. Shi ne ɗan ƙaramin karen nan ruwa biyu, mai gashi buzu-buzu, wanda ake gani a wasu gidaje na Chaza da sauran unguwannin Suleja, yana kwance a falo ana taje masa gashi. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda kare ya baro dawa ya shigo ɗaki, da nauyin da wannan ƙaura ta ɗora wa mai shi.

Zaman Bahaushe da kare ya girmi zuwan Musulunci. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci baƙin kare cikin abubuwan da mutanen Barbushe suke kawowa gindin dutsen Dala ranar bautar Tsumburbura. Da addini ya kafu, wannan matsayi ya gushe, saura aiki: farauta, da tsaron gona, da rakiyar garke. Harshe kansa shaida ne. Bahaushe yana cewa karen farauta, da karen mota, wato duk wanda ke wahala domin wani. Idan kuma zai kwatanta mummunan wulaƙanci, sai ya ce ko kare ba zai ci ba. Ke nan ana moriyar kare, amma ba a girmama shi.

Shari'a ma da aiki ta ɗaure kiwonsa. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, ya kuma yi gargaɗin tauyewar lada ga wanda ya ajiye shi ba don ɗayansu ba. Sai dai mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa ke bi, ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, a wurinta, bin umurni ne kawai. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala, ya ajiye kare don tsaron gidansa a Ƙairawan, da aka tuna masa Imam Malik ya karhanta haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Ga kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Da wannan fahimta Hausawan Zazzau suka gangaro kudu a farkon ƙarni na 19, lokacin da masu jihadi suka fitar da Sarki Muhammadu Makau daga Zariya. Ƙanensa Abubakar Ja ya kafa garin Abuja a 1828, a tsakiyar Koro da Gbagyi, waɗanda Bahaushe ke kira Gwarawa. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi, inda manomi ke fama da birai, maharbi kuma ke bukatar mai shinshino masa sawu. Karen gida, mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa, ya ci gaba da cin abincinsa da guminsa.

Turawan mulkin mallaka ne suka zo da baƙuwar ɗabi'a, ta ajiye kare don ɗebe kewa kurum. A zamaninsu ne kuma aka fara rubuta labarin ciwon haukan kare a Nijeriya: a jikin mutum a 1912, a jikin kare a 1925. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurar wannan ciwo a Faransa, a 1924 kuma aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, wadda daga baya ta shiga sarrafa allurar rigakafin karnuka. Daga nan kiwon kare ya tashi daga sha'anin mutum da dabbarsa, ya zama sha'anin lafiyar jama'a.

Babban sauyi ya zo a 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi wannan yanki don sabon babban birni. Tsohon gari ya ba da sunansa, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Bayan gwamnati ta tare a Abuja a 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane sashe suka cika Suleja, unguwanni irin su Chaza suka bunƙasa, gonaki suka zama gidajen haya. Tare da baƙin aka samu karnukan waje, manya don gadi, ƙanana irin su Lhasa, ɗan asalin Tibet, don sha'awa. Barbara tsakaninsu da juna, da kuma karnukan gida, ita ta haifar da ruwa biyun da muke magana a kai.

A nan ne tarihi ya juya. Karen da yana iya neman abinsa a juji da dawa. Wannan kuwa komai nasa yana wuyan mai shi. Dogon gashinsa maɓoyar kaska da ƙuma ne, sai da wanka da taza, ga zafin bazara da ke galabaitar da shi in ba inuwa da ruwa. Yana bukatar maganin tsutsar ciki, da allurar haukan kare tun yana ɗan wata uku, a riƙa maimaita ta yadda likitan dabbobi ya tsara. Ƙanƙantarsa ba ta rage haɗarin cizonsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnuka allura yana katse yaɗuwarsa. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibiti, domin in alamu suka bayyana, da wuya a tsira.

Hukuncin ajiye kare don sha'awa magana ce ta malamai, kuma hadisin da aka ambata a sarari yake. Amma duk wanda ya riga ya ajiye, Musulmi ko Kirista, ya ɗauki amana biyu: ta dabbar da ba ta iya ciyar da kanta, da ta yaran maƙwabta da ke wasa a ƙofar gidansa. A da kare ke yi wa mutum aiki. Yanzu aikin ya koma kan mutum.