Kaka, kokowa da sakin gonaki a ƙasar Tasawa

Tunda an fara ɗaurin damma, ganga ta fara tashi da dare a ƙauyukanmu, bari mu waiwayi inda wannan taro na bayan kaka ya samo asali.

Ƙasar Tasawa ba ta taɓa zama ta ƙabila guda ba. A watan Janairu na 1851 Bature Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso Tasawa tare da ayarin gishiri na Abzinawa, ya tarar da gari mai kasuwa, mai cike da baƙi. Hanyar Agadas zuwa Katsina da Kano ta nan take bi. Shi ya sa daga Bawudeta har Mayahi za ka ga Bakatsine da Bagobiri da Babarbare suna noma, rugar Fulani tana bayan gari, tungar Bugaje tana gaba kaɗan. Mutanen nan ba takarda ce ta haɗa su ba, kaka ce. In an kwashe hatsi sai makiyayi ya shigo da dabbobi su ci kara, su bar taki, manomi ya ba da dami, a samu nono da mai. A wannan lokacin ne ake ɗaurin aure, Fulani su yi sharo, Bugaje su yi sukuwar raƙuma, samarin gari su fita dandali kokowa, ƙauye ya gayyaci ƙauye.

Kokowar nan ta dandali ita gwamnati ta ɗauko. Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa tana fitowa daga fari da yunwa, yana neman abin da zai tara ƴan Nijar wuri guda. Aka farfaɗo da samariya, sannan a 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa. Wa ya zama sarki? Namu ne, Yacouba Kantou na Maradi, wanda filin kokowar Maradi yake ɗauke da sunansa yau. Daga baya gasar ta zama ta Takobi, tana zagaya jihohi takwas, kowace jiha ta kawo ƴan kokowa goma. Wanda ya taɓa zama kusa da rediyo a makon Takobi ya san abin da nake nufi: kasuwa kan yi sanyi, Bazabarme yana yi wa Bahaushe kirari, ƴan cali-cali suna kwaikwayon masu guru da laya, kowa na dariya. Issaka Issaka ɗan Doso ne, amma ku tambayi yaran Tasawa sunansa.

Dariyar ma tana da tarihi. Wasan barkwanci tsakanin Bagobiri da Bazabarme, ko Bafulatani da Babarbare, hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar. Ka faɗa wa abokin wasanka magana mai zafi, ba shi da damar fushi. Ni a ganina wannan ya fi kowace lacca ta zaman lafiya da ake yi a otel.

To amma watan da ake kiɗa shi ne kuma watan da ake zubar da jini. A ƙarshen Oktoban 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke a Toda cikin jiharmu, aka kashe mutum fiye da ɗari, akasarinsu Fulani, da mata da yara. Hatsi yana gona, dabbobi suna saukowa daga arewa, burtali ya ƙuntata. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da muke kira Kofo sun zo ne don irin wannan, kuma har yau hukuma ce ke tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara.

Abin da ke damuna shi ne tsohon cinikin kara da taki ya yi rauni. Yanzu kara da harawa kuɗi ne, manomi yana kwashe abinsa ya ɗora bisa itace ko ya kai kasuwa, shi ma yana da tumaki. Makiyayi ya iso ya tarar da gona fayau. Wanda ba ka cinikin komai da shi, da wuya ka tuna da shi ranar biki. Kokowar kuma ta koma ta talabijin da kyautar miliyoyi da mota, matasan da za su cika dandali rabinsu suna Libiya ko Aljeriya ko Legas wajen bida.

Duk da haka ganga tana tashi. Masu shirya kokowar bana a Bawudeta da kewaye, in za ku kai goron gayyata gidan hakimi da ofishin magajin gari, ku kai wa arɗo da shugaban Bugaje nasu tun kafin a faɗi ranar sakin gonaki, a shimfiɗa masu tabarma a layin gaba.