Tarihin Ɗaukar Surar Baƙin Rami

Baƙin rami, a istilahin malaman ilimin falaki, mahalli ne a sararin samaniya inda nauyi mai yawan gaske ya dunƙule a ɗan wuri, har ƙarfin jansa ya kai matuƙar da ko haske, wanda babu mai saurinsa cikin halittu, in ya ƙetare iyakar ramin ba shi da hanyar komowa. Asalin bahasin daga nazariyyar Albert Einstein yake ta shekarar 1915, wadda ta zo da cewa sarari da zamani saƙa ɗaya ne, jiki mai nauyi kuwa tanƙwara saƙar yake yi. A 1916 Karl Schwarzschild ya warware lissafin, a 1919 kuma Arthur Eddington ya tafi tsibirin Firinsife da ke tekun Gini, ya auna karkatar hasken taurari yayin husufin rana domin gwada nazariyyar. Sai dai jan rana rarrauna ne. Hujja yankakkiya tana bakin ramin kansa.

To, yaya za a ga abin da ba ya fitar da haske? Malamai suka ce inuwarsa za a nema a tsakiyar iskar da ke ci bal-bal kewaye da shi, inuwar da lissafi ya ƙaddara faɗinta da kimanin ninki biyu da rabi na iyakar ramin. A 1979 Jean-Pierre Luminet na Faransa ya zana surarta da hannu, ɗigo bayan ɗigo na tawada, bisa alƙaluman da kwamfuta ta ba shi.

Da yake babu na'urar hangen nesa guda da za ta iya wannan aiki, sai jama'ar Event Horizon Telescope suka haɗa guda 8 a watan Afrilu na 2017, daga Cile da Hawayi da Meziko da Arizona da Sifen har ƙuryar kudancin duniya, kowace da agogonta na atom, suka zama tamkar ido ɗaya mai faɗin duniya. Bayanan sun yi wa intanet yawa, don haka a jirgin sama aka kwashe faya-fayan da ke ɗauke da su zuwa Jamus da Amurka. Ranar 10 ga Afrilu 2019 aka bayyana surar ramin da ke gungun taurari na M87, mai nauyin rana sau biliyan 6.5: zoben haske, ɓangare ɗaya ya fi ƙyalli, tsakiyarsa duhu.

Wanda ya fi ƙarfin hujja, a ganina, shi ne ramin da ke tsakiyar gungun taurarinmu, da aka nuna surarsa ranar 12 ga Mayu 2022, domin Reinhard Genzel da Andrea Ghez sun riga sun auna nauyinsa, sau miliyan 4 na rana, ta hanyar bin falakin taurarin da ke zagaya shi, saboda haka an san faɗin da ya wajaba zoben ya yi tun kafin a gan shi. Da aka auna, bai saɓa wa lissafin Einstein ba.