Gwajin Ƙwayoyin Halitta: Yadda Ake Gano Ƙwayoyin Cuta a Naman Kaji

A kasuwannin Jimeta da Yola, akasarin kajin da ake sayarwa da rai suke zuwa, a yanka, a fige, a kai gida ko wurin masu gashi a rana guda. Mai saye kan duba nauyin kaza da kuzarinta, sai dai ƙwayoyin cutar da suka fi haddasa gudawa da amai da zazzaɓi ta hanyar naman kaji, wato Salmonella da Campylobacter, kan zauna a hanjin kaza ba tare da ta nuna alamar ciwo ba. Yayin fiɗa ne suke bin wuƙa da katako da ruwan wanki su shiga nama. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola kan haura maki 40, Salmonella na saurin yaɗuwa a naman da aka bari a fili.

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kuma kashe kimanin 137,000.

A tsohuwar hanyar bincike, ana ɗaukar samfurin kashin kaji ko fatar wuya ko ruwan da aka ɗauraye nama, a reni ƙwayoyin cutar a ɗakin gwaje-gwaje har su bayyana. Tabbatar da Salmonella ta wannan hanya kan ci kwana biyar ko fiye, kuma kafin nan an daɗe da cinye naman.

Gwajin PCR, wanda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ya taƙaita wannan jira. Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da sinadarin gado na DNA da ya keɓanta da ita. Ana zaɓar wani ɗan yanki daga ciki, kamar invA na Salmonella ko hipO na Campylobacter jejuni, sai na'ura ta riƙa ɗumama samfurin tana sanyaya shi sau 30 zuwa 40. A kowane zagaye yankin yana ninkuwa, har ya kai miliyoyin da za a iya gani. Idan aka haɗa da renon dare ɗaya, sakamako kan fito washegari. 'Yan Najeriya da dama sun san wannan na'ura a 2020, lokacin da aka yi amfani da ita wajen gwajin cutar korona.

Akwai kuma gwajin LAMP da masana a Japan suka fito da shi a 2000. Yana aiki a zafi guda, tsakanin maki 60 da 65, cikin kimanin sa'a ɗaya, don haka ya fi dacewa da wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa. Karanta ɗaukacin DNA na ƙwayar cuta kuwa yana ba da damar danganta marar lafiya da gonar da cutar ta fito.

Waɗannan gwaje-gwaje suna da iyaka. PCR kan gano DNA na ƙwayar cutar da ta riga ta mutu, kuma har yanzu ana bukatar reno domin tantance maganin da zai yi tasiri. Kayan aikin ma daga waje ake shigo da akasarinsu, kuma sai an adana su cikin sanyi.

Tunda kazar da aka yanka da safe a Jimeta kan shiga tukunya kafin dare, amfanin gwajin ya fi yawa a gidan gona da wurin ƙyanƙyasa, kwanaki kafin a kai kaji kasuwa. Binciken cututtukan kaji na daga cikin ayyukan Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, yayin da hukumar NAFDAC ke sa ido kan abincin da aka sarrafa. A gida kuwa, kariyar ita ce dafa nama har tsakiyarsa ta kai maki 75, da raba wuƙa da katakon ɗanyen nama da na kayan lambu, da wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi.