Kufan Kuyambana da Gonakin da Daji Ya Cinye

Mutanen birni da ke jin labarin dajin Birnin Gwari daga nesa sukan ɗauka cewa ƙungurmin daji ne tun fil azal, wanda gatari bai taɓa shiga ba, alhali kuwa kowane manomi ko maharbi na Tabanni da Kuyello da Dogon Dawa, muddin ya taɓa yin nisa cikinsa, ya san cewa ƙasar cike take da kufai. Alamominsu ba su ɓuya ga mai lura: kukoki da suka taru wuri ɗaya, domin kuka ba ta cika yin cincirindo ba sai inda aka sha miyarta aka watsar da 'ya'yanta a juji, tsingaron tukwane da ruwan damina ke tonowa, dutsen niƙa wanda cikinsa ya lotsa saboda daɗewar aiki, da kashin maƙera tsibi-tsibi inda aka taɓa narka tama.

Mafi shahara daga cikin waɗannan kufai shi ne na Kuyambana, wanda ke ƙetaren kogin Mariga, cikin ƙasar Zamfara ta yau, daura da dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari. An gina garin ne a kan wani babban dutse mai kawuna biyu da kuma gindinsa, aka kewaye shi da gwalalo da ganuwar ƙasa wadda tsayinta ya kai mita 5 zuwa 7, sa'an nan aka ɗora mata katangar duwatsu a bisa. Inda ganuwar ta bi ta kan fako, wurin da babu ƙasar da za a tona, sai maginan suka ɗauko tubali suka yi gini a kan dutsen, suka bar 'yan tagogi ƙanana waɗanda mai baka zai harba ta ciki ba tare da an gan shi ba. A cikin ganuwar akwai ragowar gine-ginen laka, ga kuma wasu wurare da aka daidaita ƙasa sumul, waɗanda masana ke kyautata zaton cewa bukkokin ciyawa ne suka taɓa zama a kansu.

Wanda ya yi tadabburi a kan wannan aiki zai gane cewa al'ummar da ta iya tara hannuwan da za su haƙa gwalalo su ɗaga ganuwa irin wannan, lalle al'umma ce mai rumbuna cike, domin ba a aikin gayya da yunwa, kuma dawa da geron da suka ciyar da maginan daga filaye da fadamun da ke kewaye da dutsen suka fito, wato daga wurin da a yau ba a ganin kome sai itatuwa. Dutse mafaka ce ta ranar fitina, kwari kuwa wurin neman abinci. Ko a Kano ma, sa'ad da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shiga a 1851, ya tarar da gonaki masu faɗi cikin badala, hikimar ita ce in an yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta buɗe wa abokan gaba ƙofa.

Ruwayar da ta fi yaɗuwa tana cewa an rushe Kuyambana ne a yaƙe-yaƙen jihadin da ya soma a 1804. Amma ni a ganina rushewar gari ɗaya ba ta isa ta mai da ƙasa guda daji ba, tun da yake manomi, in dai an bar shi, yakan koma gonarsa da saukar ruwan fari. Abin da ya hana komawa shi ne rashin amincin da ya ɗauki tsawon zamani, musamman bayan da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu, ya kafa Kontagora, shi da ɗansa Ibrahim suka yi ta kai hare-haren kamun bayi a ƙasashen Kamuku da Gwari har zuwa 1901, lokacin da Turawan Ingila suka ci garin. Gona kuwa da zarar an bar ta sai kurmi ya rufe ta, kurmi ya kawo ƙudan tsando, tsando ya kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, har wanda ya yi niyyar komawa ya fasa. Da ƙura ta lafa, jama'a da yawa suka ga ba su da sauran bukatar zaman kan dutse, suka gangaro kusa da hanya da kasuwa.

Daga nan sai doka ta zo ta sa hatimi. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma ya zama gandun ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, ta haka filayen da kakannin wasu suka noma suka shiga littafin hukuma da sunan mazaunin giwa da gwanki.

A 1995 Nijeriya ta sa Kuyambana cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan gadon duniya. Sai dai ta'addancin 'yan bindiga da suka mai da dajin maɓoya ya toshe wa masu bincike hanya, ya kuma tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Birnin Gwari, waɗanda su ma suka zama sababbin kufai. Ranar da hanya ta buɗe, aikin farko shi ne a tona jujin garin da gindin rumbunansa, domin ƙwayar hatsin da ta ƙone takan daɗe cikin ƙasa ba ta ruɓe ba, kuma da ita ake auna shekarun wuri a ɗakin gwaji, a san irin dawar da mutanen Kuyambana suka shuka da ƙarnin da suka shuka ta.