Kundin da ya bi wayoyi daga Sakkwato zuwa Amurka

A shekarar 2008 wani matashin makaɗin jita, Ba'abzine daga Nijar mai suna Mdou Moctar, ya sauka Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar. Da harshen Tamashek ya rera waƙoƙin, amma kiɗan kwamfutar da muryar da na'ura ta lanƙwasa irin na finafinanmu na Hausa ne. A lokacin babu kamfanin da ya kai kundin kasuwa.

Masu sauraro ne suka yi masa talla. A wancan zamani intanet bai wadata ba, don haka idan waƙa ta burge mu sai mu ce wa aboki, "Ka ji wannan kuwa?" Mu kunna Bluetooth mu tura masa, ko ya kai memorinsa wurin masu turi a kasuwa. Haka waƙoƙin Anar suka yi ta tsallakawa daga waya zuwa waya har arewacin Mali.

A can, a garin Kidal, wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yana kwafar waƙoƙi daga wayoyin jama'a. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya fitar da tarin Music from Saharan Cellphones, ciki har da "Tahoultine" ta Mdou, bayan ya yi cigiyar mai ita. Zuwa 2021 kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar da kundinsa Afrique Victime.

Yau manhaja ke zaɓa mana, kuma yawanci irin abin da muka saba ji take kawowa. Aboki kuwa yakan tura mana waƙar da ko harshenta ba ma ji, don kawai ta ratsa shi.