BAFADE DA FADANCI: TARIHIN WATA KALMA DA MUKA ƁATA WA SUNA

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, na san da yawa daga cikinmu ba su manta da zamanin da muke makaranta ba, lokacin da duk yaron da aka ga yana yawan ɗaukar wa shugaban makaranta jaka, ko yana kai rahoton abokansa ɗakin malamai, nan da nan za a laƙaba masa suna "bafade". A wurinmu wannan suna zagi ne. Sai bayan da na girma na zauna da dattawa a Ajingi da Gaya, sa'an nan na gane cewa kalmar tana da tarihi mai tsawo, kuma ma'anarta ta asali ta fi wadda muka sani daraja nesa ba kusa ba.

Da farko dai, tushen kalmar shi ne "fada", wato gidan sarki da zauren da yake zama don sauraron jama'a da yanke hukunci. Bahaushe idan zai jingina mutum ga wani wuri sai ya sa "ba" a gaba, idan kuma suna da yawa ya sa "wa" a ƙarshe. Kamar yadda ake cewa Bakano da Kanawa, haka ake cewa bafade, ko bafada, da fadawa. Ashe ke nan bafade mutumin fada ne, wanda can ne wurin aikinsa da cinsa da shansa. A lura kuma, fada daban, faɗa daban. Lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi ta raba su a rubuce, kuma ina roƙon ƙannenmu ɗalibai su riƙa kula da ita.

Fadawa ba iri ɗaya ba ne. Akwai dogarai masu jar riga da kore, waɗanda ke tsaron sarki, kuma da yawa na danganta sunansu da kalmar "dogara". Akwai zagage masu tafiya a gaban dokin sarki, da 'yan lifida, da jakadu da jakadiyoyi masu isar da saƙo. A fadar Kano akwai manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, da Kilishi mai kula da shimfiɗar sarki. 'Ya'yan bayin da aka haifa a gidan su ake kira cucanawa. Saboda haka kowane dogari bafade ne, amma ba kowane bafade ne dogari ba.

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa, ya shigo da kakaki da figini da dawakan zage, ya kuma ba bābānni muƙamai. Tun daga nan fada ta zama babbar ma'aikata mai buƙatar ɗimbin mutane. Mu ma mutanen gabas muna da hannu a cikin wannan labari. Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya hau a 1703, mahaifiyarsa Maryama 'yar Sarkin Gaya ce, kuma a zamaninsa Gayawa sun yi ƙarfi ƙwarai a fadar Kano.

Bayan jihadi, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya farfaɗo da sarautun bayin sarki domin ya sami amintattun da ba su da haƙƙin gadon karaga, waɗanda ba za su yi masa takara ba. Sannu a hankali sai waɗannan mutane suka riƙe makamai da gandayen sarki da ƙofar ganinsa. A wancan zamani hakimai a birni suke zaune. Talakan ƙauye a ƙasar Gaya, har da yankin da ya zama Ajingi a yau, ba ya ganin hakimi, balle sarki. Jakada yake gani, shi ke karɓar haraji, shi ke kai kuka birni. In jakada mai gaskiya ne, ƙauye ya zauna lafiya. In kuwa azzalumi ne, sarki ba zai taɓa jin abin da ake ciki ba. Wannan ne ya sa masu iya magana suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Zuwan Turawa a 1903 ya sauya al'amura. Cikin 'yan shekaru aka tura hakimai su zauna a gundumominsu, aikin jakadu ya ragu. A 1908 Razdan Cargill ya naɗa Ɗan Rimi Allah Bar Sarki a matsayin Wazirin Kano, a zamanin Sarki Abbas, abin da bai yi wa sarkin daɗi ba, kuma naɗin bai daɗe ba. Da Sarki Abdullahi Bayero ya hau a 1926, aka raba bayin sarki da ikon gudanar da mulki. Aikin tsaron gari kuma ya koma hannun 'yan doka na En'e, waɗanda su ma daga baya, a zamanin mulkin Janar Gowon, aka haɗe su da 'yan sandan Nijeriya.

To, a ganina nan ne kalmar ta fara rauni. Da aka ɗauke wa fadawa haraji da makami da gandu, abin da jama'a suka ci gaba da gani shi ne rakiya da kirari da amsa gaisuwa a madadin sarki. Sai "fadanci" ya koma nufin daɗin baki da yabon mai mulki don neman abin sawa a aljihu. Yau har shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da attajiri kowa yana da nasa fadawan.

Duk da haka amanar nan ta asali ba ta mutu ba. A watan Janairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero wuta a cikin birnin Kano, dogarai ne suka kare shi da jikinsu, wasunsu suka rasa rayukansu, sarki ya tsira. Waɗannan ma fadawa ne, kuma ya kamata mu tuna da su kafin mu sake amfani da kalmar wajen zagi.

Fadar Gaya kanta ta ga sauye-sauye a kwanan nan. An ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe wannan tsari a 2024, sa'an nan a cikin shekarar aka mai da ita mai daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Sarki goma zamani goma, amma a kowane zamani sai an sami masu tsayawa tsakanin shugaba da talaka.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, yawancinmu a yau wannan gurbi muke ciki. Wani sakatare ne, wani mai ba da shawara, wani akawu, wani direban mai gida. Ta hannunmu takardar asibitin ƙauyenmu ko ta rufin ajin da iska ta kwashe za ta isa teburin shugaba, ko kuma ta kwana a aljihun tebur. Idan muka haɗu a taronmu na bana, kowa ya tambayi kansa ko kukan mutum nawa ya isar a wannan shekara, kuma sau nawa ya faɗa wa mai gidansa gaskiyar da ba ya son ji. Allah Ya sa mu zama fadawan kirki, amin.